Fatalwar da Ta Nutse Har Wuya

A birnin York na Ingila, gidan da ba shi da fatalwa gidan banza ne. Lungun Kyandir gidaje tara ne, kuma takwas daga cikinsu kowanne da tasa. A gida na ɗaya akwai wata mata mai riga ruwan toka da ke kuka a matattakala. A na huɗu akwai wani fadan coci marar kai. Kai, har shagon mai gyaran takalmi, wanda ko akuya ba za ta yarda ta kwana a ciki ba, yana da fatalwar kyanwa. Gida na tara ne kaɗai fayau, ko ƙofa ba ta ƙara a cikinsa, kuma nan ne gidan Cuthbert Oldroyd.

Shi Cuthbert tsohon mai duba tikiti ne a bas. Shekara talatin yana kama 'yan makaranta da tikitin jiya, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya gina ganuwar birnin da hannu ɗaya. Ya san likitanci, ya san doki, ya san abin da ya kamata gwamnati ta yi bara. Abu ɗaya ne ya gagare shi: Lionel Crake, mai zagayawa da baƙi gidajen fatalwa. Kullum ƙarfe biyar na yamma, lokacin da duhun hunturu ya riga ya rufe gari, sai ga Lionel da doguwar baƙar hularsa da fitila, baƙi na binsa kamar 'yan tsaki. Ya tsaya a ƙofa takwas, ya ba da labari takwas. In ya iso ta tara ko kallo ba ta ishe shi ba.

“Nan ba komai, jama'a. Mu wuce.”

Shekara goma sha ɗaya Cuthbert na jin wannan magana ta bayan labule, tana cin ransa.

Ran Litinin ya raka matarsa Mavis tashar jirgin ƙasa, za ta wurin ƙanwarta a Scarborough sai Asabar. Tun tana kan matakin jirgi take ja masa kunne: “Cuthbert, kar ka gyara komai. Ko wani abu ya lalace, bar shi a lalace, ya fi mini sauƙi.” Ya ce ta raina shi. Daga nan ya zarce Gurgun Zakara, mashayar unguwa, inda yake da abu biyu da ya fi so a duniya: kujerar da ke daf da murhu, wadda shekara ashirin da uku ba wanda ya isa ya ɗora mata ɗuwawu in ba shi ba, da kofinsa na ƙarfe da ke rataye a ƙusa ta farko a saman kanta. A wannan mashaya mai ƙusa shi ne ɗan gari. Baƙo a gilashi ake ba shi, ya sha a tsaye bakin ƙofa inda iska ke kaɗawa.

Ya tarar Lionel na ta zuba a gaban Beryl, mai mashayar, da Horace, tsohon mai gyaran famfo, maƙwabcin Cuthbert katanga ɗaya. Labarin sojojin Rumawa yake yi, waɗanda aka ce an gani suna maci a ɗakin ƙasa na wani gida, daga gwiwa zuwa sama kawai.

“Ai fatalwa a kan ƙasar zamaninta take tafiya,” in ji Lionel. “Gari ya yi ta tudu a kan tsohuwar hanya. Iya tsufanta iya nutsewarta.”

Cuthbert ya yi tsaki. “Gwiwa! Wannan ai fatalwar jiya ce. Tawa iya wuya take.”

Kowa ya juyo ya kalle shi.

“Taka wacce, Mista Oldroyd?” in ji Lionel. “Gidanka ko gizo-gizo ba ya zama, don ba ya samun damar magana.”

“Wani sarkin yaƙi ne. Ya girmi Rumawanka da shekara dubu. Kai kawai ake gani yana yawo a tsakar gaban gidana, da ƙahoni.”

“To me ya hana mu gani duk shekarun nan?”

“Ba ya son ka. Ya ce hularka ta haya ce.”

Horace ya ƙyalƙyale har abin sha ya fito masa ta hanci. Lionel ya ajiye kofi a hankali.

“Madalla. Ran Asabar zan tsaya da baƙina a ƙofarka. In sarkin yaƙinka ya fito, baƙo ko ɗaya ya yi ihun tsoro, gidanka ya shiga zagaye har abada, kuma hular haya ta zama taka. In ba haka ba fa?”

Beryl ta ɗaga kai ta kalli ƙusa ta farko, ta kalli kujerar bakin murhu. Kowa ya gane.

“Kujera da kofi,” in ji Cuthbert, yana buga ƙirji. “Ki fara goge hular, Beryl.”

Da sassafe ran Talata ya kewaye 'yar tsakar gaban gidansa da tamfol, ya fito da diga da shebur. Dabarar, a ganinsa, ba a taɓa yin irinta ba tun da aka kafa Ingila: zai haƙa dogon rami daga bakin ƙofa zuwa katanga, zurfinsa iya wuyan mutum. Ya shiga ya yi tafiya a ciki, hayaƙi ya rufe bakin ramin, mutane su ga kai na yawo a ƙasa. Shi ke nan.

Farkon abin da ya fasa shi ne tukunyar furannin Mavis. Na biyu babban yatsan ƙafarsa. Da ƙasa ta fara taruwa ya rasa inda zai kai ta, sai ya riƙa watsa ta ta saman katanga, wai can baya ne ba mai gani. Bayan katangar kuwa lambun Horace ne.

Can sai ga kan Horace ya leƙo, da ƙasa a gira.

“Cuthbert! Ina kabejina?”

“Na san masa? Ni makiyayin kabeji ne?”

“Kabeji goma sha biyu na dasa, yanzu kabari nake gani! Me kake haƙa?”

“Magudana nake gyarawa.”

“Kai? Kai da ka taɓa gyara famfon banɗaki aka kwashe mutanen lungu zuwa coci? Saurara, mutumina. Bututun ruwan lungun nan a nan ƙarƙashinka yake. Ni na binne shi da hannuna. In ka kai ƙugu ka tsaya.”

“Horace, ka yi aikin famfo shekara arba'in ba ka fahimci ruwa ba. Ni kallo ɗaya nake wa ƙasa in san abin da ke cikinta.”

Horace ya kalli ramin, ya kalle shi. Sai fuskarsa ta saki, ya yi wani irin murmushi. “Haka ne. Ci gaba, injiniya.”

Ran Laraba gwajin murya. Cuthbert ya sa kai cikin bokiti yana wani gurnani mai jan rai, wai haka sarakunan dauri ke kuka. Ba a yi rabin awa ba tsohuwar da ke zaune a gida na ɗaya ta ƙwanƙwasa ƙofa da kwalbar man gelo a hannu.

“Cokali biyu, Mista Oldroyd. Mijina ma haka yake yi in ciki ya ɗaure.”

Ran Alhamis rami ya kai ƙirji, diga ta taɓa wani abu, ƙwal! Cuthbert ya durƙusa ya tona da hannu. Wani farin kasko ne na tangaran, mai faɗin baki, da mariƙi ɗaya a gefe da zanen shuɗin furanni. Ya naɗe shi a tawul, ya nufi Gurgun Zakara, ya dire shi a kan kanta gaban kowa.

“Ga shi nan, masu musu. Kofin sarkin yaƙi. Da safe na tarar da shi a bakin ƙofa, ya bar mini kyauta.”

Horace ya buɗe baki, Beryl ta take masa ƙafa. Duk wanda ya haura sittin a mashayar ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

“Ikon Allah,” in ji Beryl. “Babba kuwa.”

“Mutanen dauri ba sa shan abu kaɗan-kaɗan irinku. Cika mini shi.”

“Ka wanke dai ko, Cuthbert?”

“Wanki ɓata tarihi yake. Ɗauraya na yi.”

Ta cika. Ya ɗaga da hannu biyu ya kafa kai, ya shanye tas, ya goge gashin baki.

“Kun ji ɗanɗanon shekara dubu uku.”

“Ba shakka akwai ɗanɗano,” in ji Lionel, ya fita waje da sauri yana riƙe da ciki. Cuthbert ya ce hassada ce ta murɗe masa hanji.

Ran Juma'a rami ya kai wuya, kuma ya kai bututu. Ba fashewa ya yi ba, ɗan tsagewa ne, ruwa na feshi siriri. Cuthbert ya naɗe wurin da safar Mavis da tsohon tiyub na keke, ya ja baya ya yaba wa kansa. “Shekara arba'in Horace ya ɓata a kan wannan?”

Ran Asabar tun ƙarfe huɗu ya shirya. Ya yafa buzun tunkiya da Mavis ke shimfiɗawa gaban gado. Ya kifa tukunyar miyarta a ka, ya ɗaure mata ƙahonin barewa da suke rataye huluna a zaure, har da wata ƙaramar hular ulu da ya manta bai cire ba. Ya shafe fuska da man shanu, ya bi da fulawa. Ya cinna wa ɗanyen ganye wuta a bokiti biyu, hayaƙi ya kwanta a tsakar gida. Ya kwance tamfol, ya dira cikin rami, ya dire kofin sarki a baki kusa da kunnensa.

Sai ya ji takalminsa ya nutse. Safar Mavis ta yi iya ƙoƙarinta, amma tun jiya ruwa ke tsiyaya, kuma ƙasar York yumɓu ce. Ya ja ƙafar dama, ta hagu ta ƙara shiga. Ya ja ta hagu, ta dama ta ce ba inda za ta. Ruwan sanyi ya fara hawa ƙwaurinsa. Kafin ya yi wata dabara ya ji muryar Lionel a ƙofa ta takwas.

Baƙi sun kai talatin. Bayansu kuma duk mutanen lungu, da Beryl da ta rufe mashaya musamman, da Horace riƙe da igiyar karensa.

“Jama'a,” in ji Lionel, “yau akwai ƙari. An ce nan wani sarkin yaƙi ke fitowa. Mu gani ko yana gida.”

Aka haska fitila. Ga kai a ƙasa, fari fat, da ƙahoni, da hular ulu na lilo. Cuthbert ya tattara ƙarfinsa ya saki gurnani. Hayaƙi ya shiga masa maƙogwaro, gurnanin ya koma tari, tarin ya koma atishawa. Fulawa ta tashi, tukunya ta zamo ta rufe masa ido ɗaya.

“Allah ya ba da lafiya,” in ji wata baƙuwa, don tarbiyya.

“Baba, me ya sa aka binne wancan mutumin?” in ji wata yarinya.

“Ya kamata ya yi yawo fa,” in ji Lionel. “Haka aka yi mana alkawari. Ranka ya daɗe, ɗan taka mana.”

Sarkin yaƙi ya yunƙura. Abin da aka ji kawai caɓal, caɓal, da wata ashariya da ba ta yi kama da ta shekara dubu uku ba. Ruwa ya kai cinya. Ana cikin haka igiyar kare ta kuɓuce wa Horace, ko kuma ya sake ta, Allah kaɗai ya sani. Karen ya shinshina man shanu, ya zo ya fara lashe fuskar sarki tun daga haɓa. Da ya gama ya juya, ya auna ƙahon nan, ya ga ya yi kama da reshen bishiya, ya ɗaga ƙafa.

“Horace! Kira ɗan banzan karenka!”

“A'a, fatalwa ta san sunana,” in ji Horace. “Na gode, ranka ya daɗe. Ina kabejina?”

Baƙi suka fashe da dariya, wayoyi suka tashi sama, kowa na ɗauka. Ba wanda ya yi ihu. Iska kuma ta juya, hayaƙin ya yi kauri har Cuthbert bai iya ganin taron. A cikin hayaƙin nan sai ya ji ƙofar shinge ta yi ƙara. Wata doguwar siffa ta shigo, ruwan toka daga sama har ƙasa, ba fuska, tana tahowa a hankali. Ya duba ƙasa da idonsa ɗaya da ya rage: ba ƙafafu. Daga gwiwa zuwa sama kawai.

Duk abin da ya ji ta bayan labule shekara goma sha ɗaya ya dawo masa lokaci guda. Ya tono wa fatalwowi hanya, ya sha a kofinsu, ga shi sun aiko. Siffar ta tsaya a kansa, ta miƙo hannu.

Ihun da Cuthbert ya kurma, tantabarun babbar coci sai da suka tashi.

“Wayyo Allah! Ki yi haƙuri! Ga kofinku nan, ɗauki! Ba ni da fatalwa, ƙarya nake, ni na haƙa, ni mai duba tikiti ne! Kar ki tafi da ni, ina da mata!”

Hannun ya kama ƙaho ya ɗaga tukunya.

“Kana da mata, eh,” in ji Mavis. Jirgin ƙarfe biyar ne ya sauke ta, tana sanye da doguwar kwat ɗinta ruwan toka da mayafi har hanci, akwati a ɗaya hannun. “Tukunyata ce wannan?”

“Mavis… ke ce?”

“Buzuna ne wannan? Ina furannina? Cuthbert Oldroyd, me na ce maka a tasha?”

“Ai ban gyara komai ba.”

“Wannan kam na gani.” Ta sunkuya ta ɗauki kofin sarki da yatsa biyu, ta juya shi a hasken fitila. “Fon fitsarin kakarka kuma me ya fito da shi? Tun shekarar da muka tare na binne shi, don wari ya ƙi fita.”

Beryl ta zauna daɓas a kan dakali. Horace ya rungumi sandar fitilar titi yana hawaye.

“Ya sha a ciki, Mavis! Ran Alhamis! Ya ce akwai ɗanɗano!”

“Kun sani?” in ji Cuthbert da wata 'yar murya. “Kun sani kuka bar ni?”

“Kai da kake kallo ɗaya ka san abin da ke cikin ƙasa?” in ji Horace. “Wa ya isa ya gaya maka?”

Daidai nan safar ta sallama. Bututu ya ɓalle, ruwa ya yi tsiri sama ya wanke baƙi na sahun gaba. Wani maƙwabci da ya ga hayaƙi ya riga ya kira 'yan kwana-kwana, suka iso da jiniya suna neman gobara, suka tarar da mutum a rami. Ƙarti huɗu suka sa masa igiya a hammata suka ja. Ya fito, fuk, kamar an cire marfin kwalba. Takalmi da wando suka ce su kam sun samu wurin zama.

Yana tsaye a tsakiyar lungu, buzu a kafaɗa, gajeren wando mai ɗigo-ɗigo, haƙora na kaɗawa, amma bakin bai mutu ba.

“An dai yi ihu! Kowa ya ji! Ihun tsoro, Lionel, ba ni hulata!”

“Baƙo muka ce, Mista Oldroyd,” in ji Lionel. “Ba mu ce fatalwar ta tsorata kanta ba.”

Lungun Kyandir ya yi kwana biyu ba ruwa. Ran Litinin Beryl ta sauke kofin ƙarfe daga ƙusa ta farko ta miƙa wa Mavis a jaka. Horace ya gaji kujerar bakin murhu a madadin kabejinsa. Ƙusar kuwa ba a bar ta haka ba: farin kaskon nan mai shuɗin furanni ne ke rataye a kai, kuma duk baƙon da ya tambaya sai a nuna masa wani mutum da ke tsaye bakin ƙofa, inda iska ke kaɗawa, yana sha a gilashi.

Da yammacin ranar, ƙarfe biyar, Cuthbert na cike rami, Mavis na tsaye a kansa da tocila. Sai ga fitila da doguwar hula. Lionel ya wuce ƙofa takwas da sauri-sauri, ya zo ta tara ya ja birki, ya gyara murya.

“Nan kuwa, jama'a, ku matso sosai. Wannan ne gidan da kuka gani a waya.”

Ya yi minti ashirin yana bayani, har da kwaikwayon ihun. Baƙi na ta kwasar dariya suna ɗaukar hoton mai shebur. Cuthbert ya miƙe, ya gyara kwala, ya raɗa wa matarsa:

“Kin gani ko? Fada marar kai ma minti uku yake samu.”

Mavis ta haska masa ramin.

“Zuba ƙasa.”